Ƙidayar ambato da aikin masanin ƙwaƙwalwa: daga Baltimo zuwa Damaturu

Gabatarwa

Duk malamin jami'a na ƙasarmu da yake neman ƙarin girma ya san cewa kundinsa zai bi ta hannun CAMES, majalisar da shugabannin ƙasashe suka kafa a Yamai cikin 1968, wadda mazauninta yake Wagadugu. A da, abin da ake dubawa shi ne yawan muƙalun da mutum ya buga da kuma inda ya buga su. Yanzu wata tambaya ta ƙaru a bakin masu ba da kuɗin bincike da masu ɗaukar ma'aikata: sau nawa aka ambaci aikinka? A cikin wannan takarda za mu ɗauki fanni guda, watau nazarin sinadaran ƙwaƙwalwa (neurochimie), domin mu ga abin da wannan lamba take aunawa. Ra'ayinmu shi ne cewa tana auna wurin da mutum yake zaune cikin taron masu bincike kusan daidai da yadda take auna ingancin aikinsa.

1. Ma'aunin h da mutumen da ya fi kowa

Idan marubuci ya sa sunan wata muƙala cikin jerin ayyukan da ya dogara a kansu, an ce ya ambace ta. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato cikin 1955, sa'an nan cibiyarsa ta Filadelfiya ta fara fitar da kundin ƙidayar a kai a kai daga 1964. Cikin 2005 wani masanin fiziya na San Diyego, Jorge Hirsch, ya taƙaita rayuwar mai bincike cikin lamba guda da ya kira h. Lissafin ba shi da wuya. Malamin da yake da muƙalu 30, amma 7 kaɗai daga cikinsu aka ambata sau 7 ko fiye, to h ɗinsa 7 ne.

A cikin misalan da Hirsch ya bayar, babban masanin fiziya Edward Witten yana da 110. Wanda ya fi kowa a ilimin halittu kuwa, da 191, shi ne Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins a Baltimo, masanin sinadaran ƙwaƙwalwa. Wannan tazara ba ta nuna cewa Snyder ya ninka Witten basira ba. Masu binciken halittu sun fi yawa, sun fi yawan rubutu, kuma jerin ambatonsu ya fi tsawo. Hirsch da kansa ya ja kunne cewa kada a gwada lambobin fannoni daban-daban.

Aikin da ya fito da sunan Snyder ya cancanci bayani. Tun da daɗewa an san cewa morfin yana kashe zafin ciwo, amma ba a san inda yake kamawa ba. Cikin 1973 ɗalibarsa Candace Pert tare da shi suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wani makarɓi na musamman wanda maganin yake shiga kamar yadda mabuɗi yake shiga kuba. A shekarar nan ma ƙungiyar Eric Simon a Niyok da Lars Terenius a Ufsala sun kai ga sakamako irin wannan. Tambaya ta biyo baya: me zai sa jikin mutum ya tanadi kuba domin mabuɗin da ke fitowa daga wani tsiro? John Hughes da Hans Kosterlitz na Abadin suka amsa cikin 1975, da suka gano ankefalin, sinadarin da ƙwaƙwalwa take yi da kanta domin wannan makarɓi. Da aka ba da kyautar Lasker ta 1978, Snyder da Hughes da Kosterlitz suka samu. Pert, wadda sunanta ne na farko a muƙalar, ba ta samu ba, kuma ta yi ƙorafi a fili. Ita ƙidaya tana ba kowane mai suna a kan muƙala ambato cikakke, ko shi ya kwana a ɗakin gwaji, ko hannu kawai ya sa.

A taƙaice mu ƙara da Oliver Lowry, wanda ya yi shekaru yana auna sinadarai cikin ƴan mitsi-mitsin yankunan ƙwaƙwalwa. Muƙalarsa ta 1951 a kan hanyar auna furotin ita ce mujallar Nature ta samu a kan gaba cikin 2014, da ambato fiye da 300.000. Dabarar awo ce, kowa yana bukatarta kamar yadda kowace kasuwa take bukatar tiya.

2. Tafashiya

Maganin tramadol, wanda kowa a kasuwanninmu ya sani da sunan tramol, yana aiki ne ta wannan makarɓi da aka gano a 1973. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi cikin 1962. Cikin 2013 wata ƙungiya da ta haɗa masu bincike na Faransa da na Kamaru, a ƙarƙashin Michel De Waard na cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa ta Garnobul, ta ba da sanarwar cewa ta samu tramadol cikin saiwar Nauclea latifolia, itacen da Hausawa suke kira tafashiya, wanda masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi. Labarin ya bazu ƙwarai, domin yana nufin tsiro ya riga masana'anta.

Shekara guda bayan haka, ƙungiyar Michael Spiteller ta Dotmund ta kawo wani bayani. A arewacin Kamaru manoma suna shan tramol, suna kuma ba shanunsu na aiki domin kada su gaji. Dabbobin suna fakewa a inuwar itatuwa, maganin yana fita ta fitsari da kashi, ya shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta tsotse shi. Sun same shi har cikin wasu tsirrai da ba tafashiya ba. Ɓangarorin biyu suka ci gaba da musayar muƙalu, kowa yana kawo awonsa, kuma cikin 2016 ƴan Dotmund suka yi amfani da awon karbon 14 domin nuna cewa abin daga masana'anta ya fito. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk wanda ya rubuta domin ya rushe muƙalar 2013 dole ya ambace ta, kuma na'urar ƙidaya ba ta bambanta wanda ya ce ka yi daidai da wanda ya ce ka yi kuskure. Hujjar ƴan Dotmund ce ta fi gamsar da mu, musamman ga wanda ya san yadda ake sayar da tramol a ƙauyuka.

3. Wa ya yi aikin, kuma a ina?

Misali mafi kusa da mu ya fito daga arewacin Najeriya. Mahmoud Bukar Maina ɗan jihar Yobe ne, ya yi karatu a Maiduguri, ya yi digirin dakta a jami'ar Saseks ta Ingila. Aikinsa na gwaji ya shafi furotin tau, wanda yake cuɗewa ya taru cikin ƙwayoyin jijiya na masu ciwon mantuwa na Alzheimer. An fi sanin tau da riƙe sandunan da ke cikin ƙwayar jijiya; muƙalarsa ta 2018 ta nuna cewa yana da wani aiki a can cikin cibiyar ƙwayar, a wurin da ake ƙera sassan ribozom.

Amma aikinsa da ya fi amfanar muhawararmu shi ne wanda ya jagoranta aka buga cikin Nature Communications a 2021. Shi da abokan aikinsa sun tattara muƙalun nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke ɗauke da adireshin wata cibiya ta Afirka a rumbun PubMed, daga 1996 zuwa 2017. Sun samu 12.326. Maimakon su tsaya a nan, sai suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna duba inda aka yi aikin da wanda ya jagorance shi. Waɗanda aka yi a Afirka a ƙarƙashin masu bincike mazauna Afirka 5.219 ne, watau ƙasa da rabi, kimanin muƙalu 5 ga kowace ƙasa a shekara. Wannan matsakaici ma yana ruɗi, domin Masar tana da kashi 28 bisa ɗari, Afirka ta Kudu 23, Najeriya 11, sai Maroko da Tunisiya. Ƙasashe biyar ɗin nan sun kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu. Sun kuma lura cewa muƙalun da aka yi tare da abokan aiki na ƙasashen waje sun fi samun ambato, kuma nazarin itatuwan magani ya yi yawa a Afirka ta Yamma, alhali manyan na'urori da dabbobin gwaji da aka sauya wa ƙwayoyin gado kaɗan ne ƙwarai.

Saboda haka malamai biyu za su iya zuwa da h iri ɗaya, ɗaya ya tara nasa ne ta hanyar aika jini da saiwoyi zuwa Turai sunansa ya shiga tsakiyar jeri, ɗayan kuwa ya tsara tambaya, ya horar da ɗalibai, ya yi awo da abin da ya samu. Ba mu raina na farkon ba, sau da yawa ba shi da wata hanya. Amma mai duba kundi ya kamata ya buɗe muƙalun ya karanta sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin.

Akwai kuma abin da ko ƙidayar Maina ba ta iya gani, tun da PubMed ta dogara a kai. Ɗalibin likita na Yamai ko na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya rubuta kundin kammala karatu da Faransanci a kan masu farfaɗiya da ake kawowa asibitin Mayahi ko na Tasawa daga garuruwa irin su Sarkin Hausa: nawa ne suke samun fenobarbital, wanda yake ƙarfafa aikin GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwayoyin jijiya, nawa ne kuma suke dainawa idan magani ya yanke. Irin wannan kundi ba ya shiga PubMed. Ko da ya canza yadda ake odar magani a gundumar, a lissafin Hirsch bai ƙara wa mai shi ko malamin da ya duba shi komai ba, sai fa in an ciro muƙala daga cikinsa an kai ta mujallar da ake ƙidayawa.

Maina ya ɗauki matsalar daga ɓangaren kayan aiki. Cikin 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu, da manyan madubai na duba ƙwayoyin halitta, domin a riƙa yin awon a gida, sunan cibiyar kuma ya zo a gaban muƙala.