Jerin Lambobin Wayar Tarho: Yadda Ake Auna Sauƙin Amfani da Na'ura

Duk wanda ya dubi wayar tarho zai ga lambobinta a jere uku-uku, 1, 2, 3 a sama, sifiri a ƙasa. Wannan jeri sakamakon gwaji ne, kuma labarinsa yana nuna yadda ake auna dacewar na'ura da ɗan Adam.

Kafin zuwan maɓallai, faifai mai ramuka goma ake juyawa da yatsa. Da kamfanin Bell na Amurka ya yi niyyar sauya shi, sai ya miƙa al'amarin ga sashen da John Karlin yake shugabanta, watau masu nazarin halin mutum wajen aiki da na'ura. A cikin shekara ta 1960 R. L. Deininger ya wallafa abin da suka samu.

Sun ƙera jeri iri-iri, wani da'ira, wani sahu biyu a kwance, wani sahu biyu a tsaye. Sa'an nan suka sa mutane su buga lambobi, suna auna abu uku: lokacin da bugun ya ci, yawan kurakurai, da jerin da mai bugawa ya fi so. Haka kuma suka gwada girman maɓalli, da tazarar da ke tsakaninsu, da ƙarfin da yatsa yake bukata.

Alhali kuwa akwai wani jeri a hannu tun tuni, na injin lissafi, mai 7, 8, 9 a sama. Amma a 1955 Lutz da Chapanis sun nuna cewa yawancin mutane suna tsammanin lambobi su fara daga hagu a sama, su gangaro kamar rubutun boko. Da aka ga bambancin da ke tsakanin jerin da suka fi kyau kaɗan ne, sai aka zaɓi na uku-uku, domin ba ya cin wuri. A watan Nuwamba na 1963 aka fara amfani da shi a Pennsylvania.

Lalle akwai abin lura a nan. Ma'aikatan kamfanin aka gwada, mutanen da suka saba karatu daga hagu. Wanda ya tashi da ajami, daga dama idonsa yake farawa. Saboda haka kafin a karɓi hukuncin kowane gwaji, wajibi ne a tambayi su wa aka gwada, da irin sabon da suka zo da shi.