Gandun Dajin Gadabeji: Amanar da ke Hannunmu

A arewacin jihar Maraɗi, bayan an wuce Dakwaro, inda gonakin hatsi suke ƙarewa ƙasar makiyaya ta soma, akwai wani gandun daji mai suna Gadabeji. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da yawa sun san sunansa, amma kaɗan ne suka taɓa sa ƙafa cikinsa. Gani kuwa ya kori ji.

Tun shekara ta 1955, kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai, aka keɓe wannan wuri, aka hana farauta da saran itace cikinsa. Faɗinsa hekta 76,000 ne. Wanda ya saba da kurmin kudu kada ya zaci zai tarar da duhuwa. Ƙasa ce ta rairayi da tuddai da kwaruruka, ciyawa ta lulluɓe ta, itatuwa irin su aduwa da magarya da farar ƙaya suna warwatse nan da can. Da damina tafkuna suna cika, tsuntsaye su taru. Da rani kuma wurin ya bushe ƙayau. Cikinsa ake samun barewa da dila da jan biri da tuje da zabin daji.

Dattawan yankin suna tuna lokacin da jimina da mariri da raƙumin dawa suke kai da kawowa a wannan daji. Fari na shekarun 1970 da harbin ɓoye suka haɗu suka ƙarar da su. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma ma ya kusa ɓacewa daga duniya baki ɗaya: a shekara ta 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya, dukkansu a yankin Kure, kusa da Yamai. Da hukuma da talakawan Kure suka tashi tsaye wajen kare su, sai suka yi ta hayayyafa har suka haura 600.

Sai dai ajiye dukiya duka a rumbu ɗaya haɗari ne. Cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya share garken gaba ɗaya. Saboda haka, a watan Nuwamba na 2018, ma'aikatar kula da muhalli tare da ƙungiyoyin kare namun daji suka kama raƙuman dawa 8 a Kure, suka ɗora su a manyan motoci, suka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su har Gadabeji. A shekara ta 2022 aka ƙaro wasu 4. Dabbobin sun karɓi wurin, har sun soma haihuwa a ƙasar da kakanninsu suka bari kusan shekara 50 da suka wuce. Kafin wannan, a shekara ta 2017, hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren duniya da ake son mutum da daji su rayu tare ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba.

To, mai son ziyara yaya zai yi? Da farko ya je ofishin ma'aikatan gandun daji ya nemi izini, ya kuma tambayi hukuma halin da hanya take ciki kafin ya kama tafiya. Hanyar rairayi ce, sai mota mai ƙarfi, sai kuma guzurin ruwa isasshe. Kada ya shiga ba tare da ɗan jagora ba, domin tuddan suna kama da juna, ɓata ba wuya. Lokacin sanyi ya fi daɗin tafiya, kuma da sassafe ko da la'asar sakaliya ne dabbobi suke fitowa kiwo. Idan ya hangi raƙumin dawa, ya tsaya nesa, ya yi shiru, kada ya bi shi da mota. Abin da ya shigo da shi na leda da gwangwani ya fita da shi, gama dabbar da ta haɗiye leda, ta daji ko ta gida, ciki yana kumbura mata har ta mutu.

Babban abokin gaban Gadabeji shi ne wuta. Shekarar da damina ta yi kyau, ciyawa tana yin tsawo, in ta bushe ta zama kamar auduga. Guntun taba ɗaya, ko garwashin shayi da matafiyi ya bari bai binne ba, ya isa ya cinye kiwon dubban dabbobi cikin yini ɗaya idan iskar hunturu ta taso. Shi ya sa bayan damina ake share hanyoyi masu faɗi cikin ciyawa, domin in wuta ta iso ta rasa abin ci ta mutu. Wannan aiki ba na ma'aikatan gandun daji ba ne su kaɗai. Fulani da Buzaye da Hausawan da ke kewaye su ne farkon masu asara idan daji ya ƙone, su ne kuma farkon masu ganin hayaƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun shekara ta 1975 ƙasarmu take haɗa bikin 3 ga Agusta da dashen itatuwa, kuma a birnin Maraɗi ne aka yi babban taron yaƙi da hamada a 1984. Dashe abu ne mai kyau, amma aduwar da aka dasa bana sai ta yi shekaru kafin ta ba da inuwa, alhali wadda ke tsaye a Gadabeji gatari ɗaya ya ishe ta. Sarakunan gargajiya da malaman makaranta da masu koyar da yaƙi da jahilci, ku kai wannan magana ƙauyuka da rugage. Wanda ya ga wuta ya kai labari nan take, wanda ya ga mai bindiga yana bin barewa kada ya rufa masa asiri. Jimina da mariri sun tafi muna kallo. Raƙumin dawa ya dawo, kada mu bari ya sake tafiya.