Amfanin Kwaɓin Jure Wuta Mai Ƙarancin Siminti a Tanderun Masana'antu

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa rage siminti ke ƙara wa kwaɓin da ake shafe cikin tanderu da shi ƙarfi, ko da yake mai sauraro zai zaci akasin haka.

Kwaɓin jure wuta shi ne haɗin tsakuwar alumina ko gasasshen yumɓu da wani siminti na musamman, wanda ake zubawa kamar kankare a cikin tanderun narka ƙarfe da na gasa siminti. A tanderun siminti, irin na Ashaka da Sakkwato, zafi yakan kai digiri 1450 a ma'aunin Salshiyas. Tsohon kwaɓi yakan ɗauki siminti kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, ya kuma sha ruwa da yawa. Daga nan ne illoli biyu ke fitowa. Idan ruwan ya ƙone sai ya bar ƙananan ramuka, ginin kuma ya yi rauni a matsakaicin zafi, kafin tsakuwar ta kama juna da wuta. Illa ta biyu ta fi muni: sinadarin kalsiyam da ke cikin simintin yakan haɗu da alumina da silika su haifar da abin da ke saurin narkewa, sai dattin ƙarfe ya sami hanyar cin bangon.

A sabon kwaɓi, wanda aka fara shi a Faransa a ƙarshen shekarun 1960, an rage siminti zuwa kimanin kashi 4 zuwa 8. Gurbinsa an cike shi da garin silika mai matuƙar laushi, wanda ake tarawa daga hayaƙin masana'antar silikon, tare da ɗan sinadarin fosfat mai hana garin dunƙulewa. Wannan gari yana shiga tsakanin tsakuwa ya toshe kafofin da a dā ruwa ke cikawa, don haka ruwa kimanin kashi 5 ya wadatar. Da zafi ya haura digiri 1300, silikar takan haɗu da alumina ta zama mulayit, ma'adini mai siffar allura da ke ɗaure ginin tamau. Ma'aikata takan sami bango mai daɗewa, ta kuma rage kashe wuta domin gyara.

Sai dai a ganina masu talla sukan yi shiru game da wahalar aikin. Kowace maginiya ta san ɗanyar tukunya takan fashe a wuta. Haka wannan kwaɓi yake, har ma ya fi, domin rashin kafofi yana hana tururi fita. Shi ya sa ake zuba masa zaren roba, wanda ke narkewa a wajen digiri 165 ya buɗe wa tururi hanya, a kuma riƙa ƙara wuta sannu a hankali. Ga kuma zafin bazara a ƙasarmu, wanda ke sa kwaɓin saurin daskarewa. Lebura da ya ga ya yi tauri ya ƙara masa bokitin ruwa ya mayar da shi tsohon kwaɓi, bayan an biya kuɗin sabo.