Sienna ko Highlander: wacce ta dace da mai iyali?

Idan tsohuwar motarka ta fi kwana a garejin bakanike fiye da gida, ga yara sun ƙaru har sai an ɗora wani a cinyar wani, to lokacin sauya ta ya yi.

Toyota Sienna ce ke fara zuwa a ran yawancin magidanta, kuma da dalili. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ga wurin kaya ko da an cika kujerun. Kayan gyaranta ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai gajera ce, cikinta na bugun ƙasa a hanyar ƙauye da damina. Injinta mai silinda shida, lita 3.5 daga ƙirar 2007 zuwa ta 2020, yana shan mai, abin da ba na wasa ba ne tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Highlander ta fi ta tsayi, amma kujerunta na can baya na yara ne, kuma da zarar an ɗaga su but ɗin ya ƙare. Mai yawan zuwa ƙauye ita ce tasa. Wanda zirga-zirgarsa makaranta ce da kasuwa, Sienna ta ishe shi.

Ranar ciniki ka tafi da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali. A ɗaga kafet a duba laka da tsatsa, domin akan shigo da motocin da ambaliya ta ci a Amurka. A kuma tantance takardun kwastam kafin kuɗi su bar hannunka.