Kicin na Zamani: Tsari Ya Fi Tarin Kaya

A Garo da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, masu sabon gini sun fara ware wa kicin ɗaki a cikin gida, maimakon madafar gefen tsakar gida. Sai dai tun ranar jere ake cushe shi: kuloli seti-seti, tangaran, samira da tukwane har rufi, alhali yawancinsu sai ranar suna ake sauke su.

Ƙaramin wuri ma yana wadatarwa idan an tsara shi. A 1926, Margarete Schütte-Lihotzky, mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, ta tsara wa gidajen ma'aikata a Frankfurt ta Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. Zirga-zirgar mai girki ta nazarta, ta sa kowane abu inda hannu zai kai.

Haka ya kamata mu yi, amma bisa irin girkinmu. Murhu, wurin wanke-wanke da ma'ajiyar cefane su kasance kusa da juna. Tsayin kantar yanke-yanke ya kai kimanin santimita 90, amma a bar wa tukunyar tuwo gurbi a ƙasa, domin tuƙi da muciya a kan doguwar kanta wahala ce ga kafaɗa. Turmi da murhun itace su zauna a waje, ƙarƙashin rumfa.

Kantar siminti mai tayil ta fi ta katako, wadda gara da danshi ke cinyewa. A yi mata ƙofofi saboda ƙurar hunturu. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, kada firij ya kori randa.

Iska kuwa ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a kuma bar kafa ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Tukunyar gas ɗin ma gara ta zauna a waje.

Iyayen amarya su duba wannan kafin su tafi Sabon Gari sayayya. Kuɗin setin kula na biyar zai fi amfanar 'yarsu idan aka sa shi a taga da tayil.