Idan Sana'a Ta Mutu, Kada Mai Ita Ya Bi Ta

Shekarar 2023 ta zo wa mutanen Babura da duka biyu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Agusta kuma aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yamai, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mai safarar hatsi da dabbobi zuwa Magarya ya wayi gari hanya a toshe. Iyaka dai ta buɗe, amma ba kowa ne jarinsa ya dawo ba.

Karayar arziki kowa na ganinta. Wadda ba a lura da ita ita ce ta zuci: magidanci ya daina zama a majalisa bayan la'asar, tuwonsa ya kwana a rufe cikin kwano, shi kuma ya kwana yana juyi a kan gado. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce, "Lafiya lau." Sai mu yaba masa, wai mutum ne mai haƙuri.

Wannan ba haƙuri ba ne. Idan baƙin ciki, rashin barci da rashin sha'awar komai suka haura mako biyu ba sassauci, likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma yana da magani. Yana kama ma'aikacin da ya yi ritaya a Roni, yana kama matar da ta fita takaba a Gwiwa ta tarar masu zuwa gaisuwa duk sun watse. Samari kuwa, wasu kan nemi sauƙi a Tramadol, su ƙara wa kansu wata cutar.

Abin da ke tsayar da mutum ba baƙo ba ne a wurinmu: sallar jam'i, adashe, ɗan'uwan da za a faɗa wa gaskiya, da karɓar ƙaramar sana'a ba tare da jin kunya ba, ko da noman rani ne a bakin dam ɗin Kazaure. Kada dai a yi saurin sayar da gona cikin ruɗu.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a nan Kazaure, kuma ba sai mutum ya fara jifa ake zuwa ba, ko da yake tsoron bakin mutane na sa a ɓoye. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.