Tarihin Fatauci A Bakin Bahaushe

Duk mai son sanin yadda ciniki tsakanin ƙasashe ya faro, ba sai ya nufi gidan tarihi ba. Ya kasa kunne ga harshensa, domin haja ba ta tafiya ita kaɗai, da sunanta take zuwa.

Mu ɗauki sukari. Asalin kalmar daga Indiya take, ta ratsa Farisa, Larabawa suka karɓa, sannan ta iso gare mu. Albasa da alkama har yau suna ɗauke da "al" ɗin Larabci a goshinsu. Takarda kuwa daga bakin Buzaye muka same ta, su da suka riƙe linzamin ayarin hamada. Hatta kalmar kuɗi, a da tana nufin wuri ne, wanda ake haƙilon kawowa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya. Dalar da mutanen Nijar ke lissafi da ita kuma, sunan azurfar Mariya Tareza ta Ostiriya ce, mai ɗauke da shekarar 1780.

Amma kakanninmu ba karɓa kawai suka yi ba. Tun ƙarni na 15 fatake ke bin hanyar Gwanja neman goro, shi ya sa har gobe ake kiran unguwannin baƙi a Gana da suna zango. Yarbawa ma daga gare mu suka ari sunan albasa. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Tambutu da Tarabulus.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai akalar ciniki ta juya daga hamada zuwa teku. Fam da sule da kwabo da kanti suka shigo, gyaɗa da auduga da fatu suka fita ɗanyu. Tun daga nan, sunayen da muke ara sun rinjayi waɗanda muke bayarwa.

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai cikin 2019. To, buɗe iyaka ba ya amfanar wanda ba shi da abin sayarwa. Ya kamata masu mulki da attajiranmu su tambayi kansu: wace haja muke ƙerawa yau da za ta kai sunanta na Hausa wata ƙasa?